Farar Jallabiyya, Baƙar Fata da Ranar Jidda: Amsa ga Mai Ɗaukar Hoto da Waya

Wani ƙanenmu mazaunin Jidda ya aiko da tambaya. Da waya yake ɗaukar hoto, kuma abin da ya dame shi shi ne duk ranar Juma'a ko ranar Salla, in ya ɗauki 'yan gidansu cikin fararen jallabiyyu, sai tufafi su fito fes, fuskoki kuma su dushe. In ya shiga editin ya ƙara haske, fata ta koma toka-toka, jallabiyya ta zama farin fili babu ko layin guga. Yana so a faɗa masa manhajar da ta fi kyau, da filtar da zai riƙa sawa, da 'yan dabarun da za su sa hotunansa su yi armashi.

To ƙanena, za mu zo kan manhaja, amma ba can ciwon yake ba. Hoton naka ya lalace tun kafin ka danna, kuma sai ka gane yadda aka yi ya lalace sannan gyara zai yi maka amfani.

Kyamara ba ta san jallabiyya ba, ba ta san fuskar babanka ba. An gina ma'aunin haskenta a kan zaton cewa in aka cakuɗa duk abin da ke gabanta, zai ba da launin toka matsakaici, wanda masu sana'ar ke cewa yana mayar da kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Kai kuma ka jera mutum biyar cikin farin yadi, bayansu farin bango, ƙarƙashinsu farin tayil yana ƙyalli. Sai ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske gaba ɗaya. Yadin bai yi asarar komai ba, fuskar baƙin mutum ce ta tafi. Wayoyin yanzu sun ɗan yi wayo, suna gane fuska, suna ɗaukar hotuna da yawa a danna ɗaya su haɗe su, amma ka sani an daɗe ana ƙera waɗannan kaya ba da fatarmu a rai ba. Shekaru da dama katin da kamfanin Kodak ke bai wa masu wanke hoto don daidaita launi hoton farar mace ne a jikinsa. Sai a 2021 Google ya fito da wayar Pixel 6 yana tallan cewa ya gyara kyamararta don ta riƙa fitar da baƙar fata yadda take. Wanda ya ce ya gyara, ai ya yarda da can akwai gyara.

Sannan ga ranar ƙasar nan. Jidda da Makka suna wajen digiri 21 arewa da tsakiyar duniya, don haka a watannin zafi rana kan tsaya a tsakar ka sosai. Sau biyu a shekara, wajen 27 ko 28 ga Mayu da 15 ko 16 ga Yuli, takan daidaita a saman Ka'aba da azahar har inuwa ta ɓace. Lokacin da ake saukowa daga masallacin Juma'a, wato lokacin da kowa ya yi kwalliya yake son hoto, shi ne mafi munin lokacin hoto a duk yinin. Haske na dukan goshi da karan hanci, idanu suna cikin rami, in mutum ya yafa shimagi ko ya sa hula mai baki sai rabin fuskar ya shiga inuwa. Tazarar da ke tsakanin hasken yadin da duhun fuskar ta fi ƙarfin abin da ƙaramin idon waya zai iya ɗauka a lokaci guda. Babu manhajar da za ta rufe wannan tazara ba tare da ta ɓata ɗaya daga cikinsu ba. Kai ne za ka rage ta, da ƙafarka.

Ka janye mutanenka daga rana. Amma ba kowace inuwa ba, don inuwar bishiya tana yi wa fuska dabbare-dabbare, can cikin falo kuma duhu ne. Abin da kake nema bakin inuwa ne: ƙofar gida daga ciki da taku ɗaya, bakin gareji, gindin dogon gini. Su tsaya cikin inuwar suna fuskantar waje, kai ka tsaya a waje kana fuskantarsu. In akwai farin bango da rana ke duka a tsallaken layi, ka samu fitilar da ta fi ta kowane situdiyo, domin haske ne mai faɗi, mai laushi, yana zuwa ta gaba. Baƙar fata da irin wannan haske take fitowa. Ita ba yawan haske take so ba, sheƙi take so: ɗan ƙyallin nan da ke bin kunci da goshi ya nuna siffar fuska. Ka duba ƙwayar idon wanda za ka ɗauka. In ka ga ɗan ɗigon haske a ciki, ka danna. In babu, ka juya shi kaɗan-kaɗan har ya bayyana.

In inuwar ta yi nauyi, je ka mota ka ɗauko abin nan mai ruwan azurfa da ake shimfiɗa wa gilashin gaba don zafi. Ba motar da ba ta da shi a garin nan. Ka ba wani yaro ya riƙe daga gefe, daidai ƙirji, ya karkata shi har hasken ya faɗa kan fuskar. Kada ya riƙe shi a ƙasa sosai, don hasken da ke tasowa daga ƙarƙashin haɓa ban tsoro yake sa fuska. In ya yi ƙarfi har mutum na runtse ido, a ja baya, ko a musanya shi da farin zanen gado.

Yanzu sai danna. Ka taɓa fuskar a allon waya, ka riƙe yatsanka har ta kulle, sannan ka ja ɗan hoton ranar da ya fito a gefe, sama ko ƙasa, kana kallon jallabiyyar. Ka tsaya a daidai inda fuska ta yi haske iya yi amma har yanzu kana ganin ninkin yadin da ɗinkin wuya. Dalilin kula da farin shi ne, hoton JPEG, wato irin wanda yawancin wayoyi ke ajiyewa, matakai 256 kawai yake da su daga baƙi ƙirin zuwa fari fat a kowane launi. Duk wurin da ya kai matakin ƙarshe ya ƙone, babu abin da aka ajiye a wurin, ko ka ja ma'auni har ƙarshe toka kawai za ka samu. Inuwa kuwa takan riƙe wani abu da za a iya tasowa da shi. In wayarka tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da ke riƙe duk abin da kyamara ta kama, kamar iPhone samfurin Pro daga 12 Pro zuwa sama ko manyan Samsung a yanayin ƙwararru, ka kunna shi don hotunan da ka damu da su. Matakansa sun haura dubu, ya fi jure gyara nesa ba kusa ba, sai dai yana cin wuri.

Mu zo kan manhaja. Snapseed kyauta ce, Lightroom ta waya ma yawancin kayan aikinta kyauta ne. Ɗaya ta ishe ka. Wanda ke tsalle daga wannan zuwa waccan, kowace ta sake matse hoton ta ajiye, shi ne ke ƙarewa da hoto mai ɓurɓushi. Editin kamar guga ce, tana miƙar da riga ta fito da kyanta, amma ba ta gyara rigar da tela ya yanka a karkace.

Kuskuren da ka yi, wanda kusan kowa ke yi, shi ne jan ma'aunin haske na gaba ɗaya. Wannan yana ɗaga komai tare, yadin da ya riga ya kai maƙura ya ƙone. Ka fara da launin hasken. Akwai alama mai kamar abin ɗiga magani a ido, ka ɗora ta kan wani abu fari ko toka da ke cikin hoton, manhajar za ta daidaita sauran. Jallabiyya kan yi wannan aiki, sai dai in an sa mata bula a wanki ko yadin mai shuɗi-shuɗi ne, nan sai hoton ya rine ya koma rawaya. Ka nemi bango ko takarda. Inuwa takan sa hoto ya yi sanyi, ya karkata shuɗi, kuma shuɗin nan ne rabin tokar da kake gani a fata. Ka ɗan ƙara ɗumi, za ka ga jini ya dawo fuska.

Daga nan ka rage ma'aunin wurare masu haske, wanda masu editin ke kira hailait, har ninkin yadi ya dawo. Ka ɗaga na inuwa, amma da hankali. Nan ne sauran rabin tokar take: in ka ɗaga inuwa da yawa, baƙin da ke cikin hoton ya tashi daga baƙi, gashi da gira da ƙwayar ido duk su koɗe. Maganinsa, bayan ka ɗaga inuwa, ka koma ma'aunin baƙi ka sauke shi kaɗan don hoton ya sami gindin zama. Fuskar kuma ka gyara ta ita kaɗai. A Snapseed akwai kayan aikin da za ka ɗora ɗigo a kan fuska, ka matse da yatsu biyu don ƙayyade faɗin wurin, ka ƙara haske a nan kawai. A Lightroom ka shiga wurin da aka rarraba launuka ɗaya-ɗaya ka zaɓi ruwan lemo, domin fatar ɗan Adam, fari ne ko baƙi, a nan take zaune. Ka ɗan ɗaga haskensa, kaurinsa kuma ka bar shi ko ka rage ƙiris. In ka cika shi, mutum ya koma kalar manja.

Ga ra'ayina, kuma ba na ɓoye shi: kada ka mayar da baƙin mutum fari. Na san ana roƙo, musamman a hotunan biki, a ce a ɗan ƙara mini haske. Haskaka fuska daban, sauya wa mutum fata daban. Alamar ka wuce gona da iri ita ce fuska ta fi wuya da bayan hannu haske, ko kunci ya yi sumul babu ko ramin gashi. Wayoyi da yawa, musamman kyamarar gaba, suna zuwa da wannan gyaran fuska a kunne tun daga kamfani. Ka nemo shi ka kashe. Ƙurji ɗaya da ya fito jiya ka iya goge shi da kayan share tabo; tsagar gargajiya a kuncin kakarka da tamojin goshin babanka ba naka ba ne da za ka taɓa. Haka ma'aunan nan da ke ƙara kaifi da fito da gwaɓin abu, suna da kyau a kan katako da dutse, a kan fuska kuwa tsufa suke ƙara wa mutum.

Idan ka gama, ka ajiye wayar ka sha ruwa, ka dawo ka danna ka ga na asali. Ido yana sabawa da wuri, abin da ya yi maka daidai ɗazu sai ka ga ya yi yawa. Kuma kada ka yi gyara a tsakar rana ko da hasken allo a ƙure.

Batun tsara hoto, ka kunna layukan nan da ke raba allo gida tara, ka riƙa ɗora idon mutum a kan layin sama, shi ke nan, ba sai an yi wa'azi a kai ba. Abin da ya fi shi muhimmanci shi ne nisa. Babbar kyamarar waya mai faɗin gani ce, kuma in ka matso da ita kusa da fuska hanci ya kumbura, kunnuwa su gudu baya, wanda ke gefen layi kuma kansa ya miƙe. Ka ja baya ka danna 2 ko 3 da ke allon, kada ka ja zum da yatsu zuwa inda hoto zai farfashe. Yara kuma ka durƙusa ka ɗauke su daga tsayin idonsu. Kafin ka danna, ka zagaya da idonka kusurwa huɗu na allon: kwandon shara, rabin mota, na'urar sanyaya ɗaki, falwayar da ta tsiro daga kan kawu. Taku ɗaya zuwa dama yakan kawar da abin da zai ci maka rabin sa'a a editin. Kada ka yanke mutum a gwiwa ko wuyan hannu ko idon sawu, ka yanke tsakanin gaɓoɓi.

Kana zaune a garin da masu hoto ke biyan kuɗin jirgi su zo. Ka shiga Balad, tsohon garin Jidda da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Gidajen dutsen murjani ne, da tagogin katako masu ɓule-ɓule da ake kira rawashin, wasu kore, wasu shuɗi, wasu ruwan ƙasa. Lungunan matsattsu ne, gine-ginen dogaye, don haka inuwar da muka yi magana a kai tana nan kusan duk yini. Ka sami ƙofa mai baka ko bakin lungu ka mayar da shi firam, ka kulle haske, ka jira wani naka ya ratso ta ciki. Farar jallabiyya a gaban tsohuwar ƙofa koriya ba ta bukatar filta. Wajen Gidan Nasif da kasuwar Alawi kuwa, in ka ɗaga waya sama don ka kamo dogon gini za ka ga ya kwanta baya. Ka bar sarari a gefe-gefe lokacin ɗauka, domin kayan miƙe gini da ke cikin Snapseed sai ya ci gefen hoton kafin ya tsayar da shi.

Bakin teku kuma, Bahar Maliya tana yamma da gari, rana a cikin ruwa take faɗuwa. Nan matsalarka ta koma riba. Ka taɓa sararin sama maimakon fuska, ka sauke haske, mutum ya zama baƙar siffa a gaban jan gari. Ya tsaya a gicciye, hannu a rabe da jiki, in mutum biyu ne a bar sarari tsakaninsu. Layin da ruwa ya haɗu da sama ya miƙe sak, kuma kada ya ratsa ta wuyan kowa. Masallacin Rahma da ke kan ruwa da fanfon Sarki Fahad mai feshi sama sun fi kyau bayan rana ta faɗi, lokacin da sama ta yi shuɗi fitilu suka kama. A nan ƙasar wannan lokaci gajere ne, bai fi minti 20 zuwa 25 ba, kuma ya faɗo daidai magariba, don haka ka zaɓi wurin tsayuwarka tun kafin kiran salla. Wani abu da Jidda ke yi wa baƙo: ka fito daga mota mai sanyi zuwa cikin laimar teku, gilashin kyamara ya yi gumi, hoto ya fito da hazo. Ka ba shi 'yan mintuna, ka goge da ƙyalle mai laushi. Ko ba gumi, ka riƙa gogewa, maiƙon yatsa ne ke sa fitilun dare su yi jela.

Dabarun wasa suna da yawa, ga waɗanda na ga suna biya. Ka kifa wayar, kyamara a ƙasa, dab da tayil mai sheƙi ko ruwan da ya kwanta, gini ya fito biyu. A iPhone, hoto mai motsi ana iya mayar da shi doguwar ɗauka, igiyar ruwa ta zama kamar hayaƙi, amma sai ka jingina wayar a kan wani abu. Mai tsire da dare, ka nemi izininsa, ka tsaya inda fitilarsa take bayan hayaƙin, ba bayanka ba, kuma ka kashe filas. Hoton zauren biki da fitilu kala uku suka rina fuskoki, kore nan ja can, kada ka wahalar da kanka, ka mayar da shi baƙi da fari. Haɗa hoto biyu a Snapseed ma yana kyau in na farkon baƙar siffar mutum ce a gaban farin sama, na biyun kuma zanen rawashin, sai zanen ya cika jikin siffar. Sau ɗaya abin sha'awa ne, sau goma ya zama ciwon ido. Filta kuwa, yawancin na kasuwa a kan farar fata da hasken Turai aka gwada su. In ka gyara hoto ɗaya ya yi maka, ka ajiye wannan gyaran a matsayin naka, ka riƙa ɗora shi a kan hotunan da aka ɗauka cikin irin hasken.

Sabbin wayoyi suna goge mutum daga hoto, suna sauya sama. Goge robar ruwa a ƙasa ba laifi. Amma hoton da za a tura gida a ce ga wane a wuri kaza, a bar shi yadda ya faru. Kuma ka kiyaye da ɗaukar mutanen da ba naka ba, musamman mata da iyalai. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. A Harami, na Makka ko na Madina, ibada ta kai mutane. Kada ka tare hanya, kuma in askar, wato jami'in tsaro, ya ce ka sauke waya, ka sauke.

Saura turawa. WhatsApp yana matse hoto ya rage girmansa, kuma wuraren duhu ne suka fi jin jiki, wato daidai fuskokin da ka sha wahala a kansu. Ka danna alamar HD kafin ka tura, in kuma wanda ke Kano ko Damagaram zai kai a wanke masa ne ya rataye, ka tura shi a matsayin fayil, kamar yadda ake tura takarda, zai isa yadda yake. Na Instagram ka yanka shi a tsaye, huɗu bisa biyar, da hannunka, kafin manhajar ta yanke wa wani hula. Na asalin kuma kada ka goge shi, ka ajiye kwafi a wani wuri da ba wayar ba, domin nan da shekara ɗaya hannunka zai canza, za ka so ka sake gyara wasunsu.